Kalandar Gwani da Kujerun da Ba Kowa

An yi wani mutum da ake kira Gwani, shi ke kula da shafin intanet na wani zauren taro. Ya iya aikinsa, wannan ba musu. Aibinsa ɗaya ne: abin da bai gani a fuskar kwamfutarsa ba, to a wurinsa babu shi, ko da duniya ce ta taru ta faɗa masa.

Shi ya maƙala wa shafin wata ƙaramar manhajar kalanda mai nuna ranar kowane taro. Ya gyara ta son ransa, ya sauya launi, ya ƙara girman rubutu. Da ya ga tana nauyin buɗewa, sai ya saita shafin ya riƙa ajiye kwafinta yana miƙa wa masu ziyara, maimakon ɗauko sabuwa kowane lokaci. Shafi ya koma kamar walƙiya. Gwani ya sha yabo, ya manta da zancen.

Yana da yaya mace mai koyar da ɗinki. Ɗalibanta sun kammala, sai ta kama zauren ranar Lahadi don su baje aikinsu, masu shagunan ɗinki su zo su zaɓi waɗanda za su ɗauka aiki. Duk wanda ta gayyata ta ce masa ya duba ranar a shafin zauren. Ana nan sai manajan zauren ya ce Lahadi za a gyara wayoyin wuta, don haka an dawo da taron Asabar. Gwani ya shiga ya sauya ranar, ya ga Asabar ɓaro-ɓaro, ya rufe kwamfuta.

Washegari yayar ta same shi a ofis, waya a hannu.

Ta ce, "Auta, ni har yanzu Lahadi nake gani."

Ko kallon wayar bai yi ba. Ya juyo mata da kwamfutarsa ya ce, "Yaya, karanta nan. Wayar nan taki ai ta kusa girmata. Ki bar ta ta huta."

"Ni na goya ka, kada ka yi min rashin kunya. Ko dai in bi mutanen nan da waya ɗaya bayan ɗaya?"

"Haba, ki wahalar da kanki a banza? Aikina ne fa. Je ki ji da ɗinkinki."

Ta yarda da ƙanenta, ta tafi. Shi ma manaja ya leƙo ya ce wani ya yi masa irin wannan ƙorafi. Gwani ya juyo masa da kwamfutar, ya ce mutane ne ba sa karatu da natsuwa.

Ranar Asabar ɗalibai suka yi sammako. Suka rataye riguna, suka jera kekunan ɗinki, kowace ta tsaya kusa da aikinta tana kallon ƙofa. Hantsi ya yi, rana ta take. Ban da 'yan iyaye ƙalilan, ba wanda ya shigo.

A nan ne Gwani ya karɓi wayar yayarsa a karon farko. Ya duba, ya ga Lahadi. Sai lokacin ya tuna da kwafin nan. Shi da ke shiga da kalmar sirri sabuwar kalanda yake gani, sauran jama'a kuwa tsohon kwafi ake miƙa musu. Ya danna maɓalli guda ya share shi, komai ya daidaita. Amma masu shaguna sun riga sun sa Lahadi a ransu. Washegari suka zo suka tarar da masu gyaran wuta a kan tsani, suka juya rai a ɓace, suka nemi ma'aikata a wani wuri.

Ita kuwa yayar, a ranar Asabar ɗin ba ta ɗaga murya ba. Tana ninke riga ta ce, "Auta, juyo da kwamfutar taka mana. Nuna wa kujerun nan cewa yau ne."

Gwani ya sunkuyar da kai, ya kama tattara kujeru.

Darasin da ke nan shi ne, wanda ya zo maka da ƙorafi ya ga abin da kai ba ka gani ba daga inda kake zaune. Kafin ka juya masa naka allon, karɓi nasa ka duba. Iya aiki ba ya hana sauraro, kuma girman kan mutum ɗaya sau da yawa wasu ne ke shan wahalarsa.