Gaisuwar Bushiya Ga Ma'aikatan Hayin Teku

An yi wani Burgu, sarkin haɗama, mai ƙatuwar gonar ayaba a bakin kogi. Ayabar ba ta cin gida ba ce, duk ƙasashen waje ake kai ta. Cikin ma'aikatansa akwai Bushiya, 'yar ƙarama mai tambayar tsiya.

Duk sanda suka nemi hutu sai Burgu ya daka tsawa. "Hutu? Ma'aikatan hayin teku ko zama ba sa yi. Ku tsaya, 'yan kasuwa su koma can, ku rasa na tuwo."

Sai kowa ya sunkuya ya ci gaba da sara, baya na ciwo.

Ran nan Shamuwa, mai kawo saƙon 'yan kasuwa, ta sauka shan ruwa. Ita kuwa ba ta iya riƙe magana. Bushiya ta matso.

"Sannu da hanya, Yaya Shamuwa. Wai da gaske na hayin teku ba sa gajiya?"

Shamuwa ta yi dariya har ta ƙware. "Su wa? Ai can da ke ake tsorata su. An ce nonon ayaba goma kike ɗauka, kina gudu."

"Ni? Ni da guda ɗaya ke kayar da ni?" in ji Bushiya. Sannan ta ce, "To, ki kai musu gaisuwata. Ki ce ranar da yankan ayaba ya kama, mu zauna gaba ɗaya ba aiki, mu da su."

Shamuwa ta kai, har gonaki bakwai.

Da ranar ta zo, ma'aikata suka baje a inuwa suna waƙa. Burgu ya yi ta tsalle. "Za a koma hayin teku!"

"A koma," in ji Bushiya. "Su ma suna kwance."

Cikin fushi ya ciccibi nono ɗaya da kansa. Taku uku ya yi, ya kife, ayaba ta danne shi.

"Ku ɗaga ni, na yarda!"

Sai da ya amince da hutun rana, da hutun kwana guda a mako, da fegin da kowa zai shuka abincinsa, sannan suka ɗaga shi. Aka yi ta rawa, Bushiya a gaba, ana ba ta hanya saboda ƙaya.

Darasin wannan labari shi ne, wanda ake tsorata ka da shi daga nesa, wataƙila wahalarku ɗaya. Ka neme shi ku gaisa.