Wuƙar da Ba a Haifa a Maƙera Ba

Ga ta nan, ga ta nanku. Na ji kun yi shiru, to bari in amsa muku: ta zo mu ji ta. Yayana ne ya ba ni ita, shi kuma ya kwanta dama tun da kaka. In na yi tuntuɓe a hanya, ku yi haƙuri.

A wani gari an yi wani maƙeri, sunansa Jatau. Wuƙa kaɗai yake ƙerawa, kuma ba ya kai ta kasuwa. Sai ka zo ka faɗi irin wadda kake so, ya duba tafin hannunka, ya ce ka dawo bayan kwana bakwai. In ƙarfe ya yi ja, bakin kawai yake tsomawa a ruwa, ya bar bayan ya huce da kansa. Sai baki ya yi kaifi, baya ya yi taushi. Wuƙar Jatau takan lanƙwasa, amma ba ta karyewa. Har masu zuma sukan kafa ta a jikin kuka su taka, in za su hau rataye amya.

Ranar karɓa kuwa da al'adarta. Sai ya buga ɗigo uku kusa da ƙota, ya ɗora wuƙar a kan uwar maƙera, ƙarfen nan da ake dukan aiki a kansa. Mai saye ya ce, "Wa ya haife ta?" Jatau ya ce, "Wutata da hannuna." Shi ke nan, ba a ƙara wata rantsuwa.

Ɗansa ɗaya ne, Mantau, magidanci mai yawan dariya. Bai gaji ƙira ba, ya ce hayaƙin korar zuma ya fi karɓarsa.

Ana nan ana nan, sai hannun Jatau ya fara rawa. Guduma ta yi nauyi. Kwana bakwai ya koma wata guda. Ya ɓoye, bai gaya wa kowa ba, sai Ƙadangaren da ke zaune a bangon maƙera ne ya gani.

Ran nan sai ga Dila. Ya ce, "Sarkin Maƙera, ranka ya daɗe! Na ji gudumarka tana tari kamar tsohuwar akuya."

Jatau ya ce, "Malam Dila, in ba aiki ka kawo ba, kama gabanka."

Dila ya ce, "Sauƙi na kawo. A hayin kogi akwai inji. Kafin ka hura gawayi ya yanka wuƙa ɗari, sumul, kamar an lashe. Ni in ɗauko, kai ka sa ƙota, ka buga ɗigonka. Wa zai sani?"

Jatau ya dubi hannunsa yana karkarwa kamar ganye. Sai ya ce, "Kawo uku in gani."

Sai Mahauci ya zo karɓar tasa. Ya gan ta tana walƙiya, ya ce, "Kai, tsoho, ashe da sauranka! Wa ya haife ta?"

Jatau ya haɗiye yawu ya ce, "Wutata da hannuna."

Ƙadangare ya leƙo ya ce,

"Jatau, Jatau, mai ɗigo uku,
Gawayi bai ci ba, baki ya ci."

Jatau ya jefe shi da tsakuwa. Mahauci ya tafi, wuƙa ta yi ta yankan nama lafiya lau.

Sai Baduku ya zo. "Wa ya haife ta?" Wannan karon Jatau ko yawu bai haɗiye ba. "Wutata da hannuna." Ƙadangare ya sake waƙarsa, ya sake shan tsakuwa. Wuƙa ta yi ta yankan fata lafiya lau.

Sai na uku ya zo, Cindo mai zuma, aminin Mantau. Ya ce, "Baba, jibi zan rataye amya a kukar bakin rafi. Wa ya haife ta?"

Jatau ya san ƙarfen inji, tauri ne da shi daga baki har baya, ba ya lanƙwasa. Amma kunya ta hana shi faɗa. Ya ce, "Wutata da hannuna."

Cindo na fita, Ƙadangare bai yi waƙa ba. Ya ce, "Jatau, Mahauci nama ya yanka, Baduku fata. Wannan takawa zai yi. Kira shi."

Jatau ya ce, "Jibi ya ce. Yau zan ƙera masa ta gaskiya, gobe in musanya, in ce ƙotar ce ban gyara ba."

Ya hura wuta, ya wuni yana duka. Hannu na rawa, ƙarfe na zamewa. Rana ta faɗi bai gama ba.

Ashe Cindo ya biya ta gidan Mantau yana nuna sabuwar wuƙa. Mantau ya karɓa, ya juya ta, ya ga ɗigo uku. Ya ce, "Kai ɗan banza, Baba ya yi maka wadda ta fi tawa! Mutane na cewa ya tsufa, ga amsarsu nan. Ba ni aronta, ni gobe zan hau. Riƙe tawa."

Washegari da hantsi Jatau yana kan duka, sai ya ji kururuwa daga bakin rafi. Ya ce a ransa, Cindo! Ya yar da guduma ya fita da gudu. Yana isa, sai ga Cindo a tsaye a gabansa, ƙalau, yana kuka, da tsohuwar wuƙa a ɗamararsa. Jatau ya dubi wuƙar. Ya gane ta. Ita ce ya ƙera wa ɗansa ranar aurensa.

Ya ce, "Ina taka?"

Cindo ya nuna sama. Can a ƙirjin kuka rabin wuƙa na kafe, tana walƙiya. A gindin kukar an rufe mutum da zane. Ɗayan rabin yana gefensa cikin ƙura, ɗigo uku suna kallon sama.

Jama'a sai salati. Mahauci ya ce, "Wuƙar Jatau ta karye? Wannan sai dai sammu!" Baduku ya ce, "Ko aljanun kuka ne!" Har wasu sun fara cewa Cindo ne ya yi wa abokinsa asiri.

Sai Jatau ya ɗauki guntun ƙarfen ya ce, "Ku bar yaron nan. Ba ni na haife ta ba. Ta inji ce, daga hayi. Da taka, Mahauci, da taka, Baduku. Hannuna ne ya gaza, na ji kunyar faɗa."



Mahauci ya zaro tasa, ya dube ta, ya ce, "Haba Jatau! Ai da ka faɗa, da na saya. Tana yanka mini nama."

Baduku ya ce, "Ni ma haka."

Cindo ya ce, "Baba, da ka faɗa, da turaku na sassaƙa mana na itace. Aikin rabin yini ne."

Jatau ya zauna daɓas a ƙasa. Ya ce, "Rabin yini kawai."

Aka nemi Dila, aka same shi a bakin kogi. Ya ce, "Ni ƙarfe na kawo. Inji kuwa ba ya buga ɗigo, ba ya rantsuwa." Ya tsallaka ya tafi abinsa.

Jatau ya daɗe a duniya bayan haka. Ya ci gaba da sayar da wuƙaƙen hayi, babu ɗigo ko ɗaya. Kafin ma ka tambaya zai ce, "Ta inji ce, ƙotar ce tawa. Yanka da ita, kada ka taka." Ƙadangare kuwa bai ƙara magana ba, sai gyaɗa kai, har yau.

To kun ji. Sa wani ya yi maka aiki ba laifi ba ne, amma ka faɗa, don ba ka san wa zai ɗora ƙafarsa a kan maganarka ba.

Ƙurunƙus. Na ajiye ta inda yayana yakan ajiye ta.