Faratan Aron Mai Agogo

Jama'ar wannan shafi, ku gyara zama. Labarin yau na masu taurin kai ne, kuma na san ba a rasa su a cikinmu, har da ni mai rubutun.

Akwai wani dattijo mai gyaran agogo, kowa Mai Agogo yake ce masa, har jikokinsa. Shagonsa ɗan ƙarami ne: teburi ɗaya, fitila ɗaya, da gilashin nan na ido ɗaya da yake maƙalawa idan zai leƙa cikin agogo. Ban da sana'arsa, abu ɗaya ya iya, wato kaɗa jita. Ba ya zuwa kiɗan biki, ba ya hawa dandamali. Mai sauraronsa mutum ɗaya ce tak, matarsa, wadda ta yi shekara talatin tana koyarwa a firamare kafin ta yi ritaya. Shi ma Malama yake ce mata.

Tun suna saurayi da budurwa ya haɗa mata wani ɗan kiɗa, babu waƙa a ciki, sauti ne kawai mai sanyi. Kullum da yamma idan ya rufe shago, sai ya zauna a baranda ya kaɗa mata, ita kuma tana gefe tana ɗinkin hannu. Yana gamawa za ta ba shi maki kamar ɗan aji uku.

"Bakwai cikin goma. Ka yi sauri a tsakiya."

"Haba Malama, ko ɗan tausayi babu?"

"Ban taɓa ba ɗalibi makin tausayi ba, ba kuma a kanka zan fara ba."

Shekara talatin da takwas ana haka, bai taɓa wuce takwas ba. Yana ƙorafi, amma duk wanda ya san shi ya san wannan makin ya fi masa komai daɗi.

To, Mai Agogo yana da wani girman kai guda ɗaya. Da tsokar yatsunsa yake kaɗa jita, ba ya sa komai, kuma yana ganin haka ne kiɗa na gaskiya. Sai ga shi 'yarsu Auta ta auri wani malamin kiɗa, dogo siriri mai kunya, ana ce masa Dogo. Shi Dogo yana sa wasu 'yan abubuwa a kan yatsunsa idan zai yi kiɗa, ɗaya na roba a babban yatsa, biyu na ƙarfe a yatsun da ke biye, don sauti ya fito da ƙarfi, ya fito tas.

Tun ranar da Mai Agogo ya fara ganinsu ya raɗa musu suna faratan aro. Duk zuwan da Dogo zai yi gidan sai ya sha tsiya.

"Dogo, ka zo da faratan naka ko ka bar su a wurin shaho?"

Dogo sai ya sunkuyar da kai ya yi murmushi. "Suna aljihu, Baba."

Shekara shida yana shan wannan, bai taɓa mayar da magana ba.

Ana nan sai kunnen Malama ya fara nauyi. Likita ya ce na shekaru ne, kuma a hankali zai ci gaba da raguwa. An sayo mata na'urar ji, tana sawa idan za ta fita, amma ta ce kiɗa a cikinta kamar ana buga gwangwani ne, don haka da yamma cirewa take yi. Mai Agogo bai damu sosai ba, tunda makinsa ma ƙaruwa ya yi. Yau tara, gobe goma, jibi goma. Har ya fara gaya wa abokansa cewa sai da ya tsufa ya ƙware.

Wata rana yana tsakiyar kiɗa atishawa ta taso masa. Hannunsa ya zame, ya tsallake layi guda cur, ya dawo ta wani wuri daban, ya dai lallaɓa ya kai ƙarshe. Ya runtse ido yana jiran huɗu.

"Goma cikin goma," in ji Malama.

Ya buɗe ido ya dube ta. Tana murmushi, idonta a kan hannunsa.

"Malama, kin ji kuwa?"

"Ka ce me?"

Bai maimaita ba. Ya jingine jitar a bango, ya ce bari ya sha ruwa, ya shiga ciki ya tsaya a kicin ya daɗe. Ashe ta yi watanni ba ta jin kiɗan. Tana ganin yatsunsa sun tsaya ne sai ta ba shi goma don kada ransa ya ɓaci. Wallahi jama'a, da aka ba ni labarin nan, a nan wurin sai da zuciyata ta karye.

Washegari ya gwada jan tsirkiyar da ƙarfi, sautin ya fito a daƙile, yatsun suka yi ja, Malama ba ta ko ɗago kai ba. Ya gwada tara farce, amma mai gyaran agogo da farce ba sa zama inuwa ɗaya: cikin kwana huɗu, guda biyu suka karye a murfin agogon wani direba. Ya san maganin, ya san kuma a aljihun wa yake. Amma ya je ya ce wa Dogo me, bayan shekara shida?

Sai ya saci jiki ya tafi wani shagon kayan kiɗa can nesa da unguwarsu. Mai shagon ya zube masa su a faranti, na roba da na ƙarfe, manya da ƙanana.

"Baba, kawo hannun in gwada maka, in nuna maka yadda ake sawa."

"Ɗana, tun ba a haife ka ba nake kaɗa jita. Ba ni na robar nan guda uku, manya."

Ya kai su shagonsa, ya tura ƙofa, ya ɗauko tsohuwar jitar da yake ajiyewa a bayan teburi. Tunda shi da kansa ya sa musu suna farata, sai ya sa su yadda farce yake, a saman yatsa, suna lanƙwasowa ƙasa kamar na kyanwa. Yana jan tsirkiya sai farcen ya maƙale a ƙarƙashinta. Ya sake ja, ɗaya ya fice ya faɗa cikin kofin shayinsa. Ya ciro ya goge, ya sake gwadawa, wani ya tashi sama, sai bayan kwana biyu ya tsince shi a cikin akwatin batura.

Mako uku yana wannan fama a ɓoye. Maƙwabcinsa tela har ya leƙo ya tambaya ko akuya ce ta shiga shagon.

Da ya gaji, sai ya ce bari dai ya gwada a gida, ko banza Malama ba za ta ji ɓarnar ba. Da yamma ya zauna a baranda, ya juya mata baya kaɗan, ya sa faratan. Bai kai ga taɓa tsirkiya ba ta ajiye ɗinkinta.

"Baban Auta, miƙo hannun nan."

Ya miƙa kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa. Ta juya hannun sama da ƙasa.

"Ai a baibai ka sa su. Shi Dogo ta cikin yatsa yake sa nasa."

"Ke ina kika sani?"

"Wanda kunnensa ya tafi, ido yake sa wa abu. Na yi watanni hannu nake kallo, naka da nasa." Hannunsa har yanzu yana cikin nata. "Ka gane ke nan."

"Na gane, Malama. Ranar atishawa."

"Na so in gaya maka, na kasa. Ina kewar kiɗan nan ƙwarai, Baban Auta. Wani lokaci ina rera shi a raina, sai in ji tsakiyar ta fara ɓace mini."

Wannan maganar ce ta gama da shi. Ranar Asabar da hantsi ya sa rigarsa ta fita, ya rataya jita, ya nufi gidan Auta. Ita ta buɗe ƙofa, ta ga jitar, ta ga fuskarsa, ta ce, "Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Wurin mijinki na zo. Ɗalibi ne ni yau."

Dogo ya fito da sauri yana neman durƙusawa. Mai Agogo ya zaro faratan daga aljihu ya ɗora su a tafin hannu.

"Dogo, shekara shida ina yi maka dariya a kan abin nan. Yau ga ni. Idan za ka rama, rama yanzu mu wuce wurin, don ba ni da lokaci. Kunnen mamarku kullum raguwa yake."

Kun san me Dogo ya ce? Cewa ya yi, "Baba, ni ma da na fara, a baibai na sa su." Auta ta ce mini ba ta san ko gaskiya ne ko don ya rufa wa surukinsa asiri ya faɗa ba, kuma har yau ba ta tambaye shi ba.

Suka zauna. Dogo ya nuna masa cewa harshen farcen ta cikin yatsa yake kwanciya, ya rufe tsokar, bakinsa ya ɗan leƙo sama, don ya zame a kan tsirkiya maimakon ya kama ta. Ya duba waɗanda aka sayo ya ce sun yi masa girma, shi ya sa suke tashi. Na babban yatsa kawai ya bari. Ya sa Auta ta kawo ruwan zafi a kofi, ya tsoma shi na ɗan lokaci har robar ta yi laushi, ya bari ta ɗan huce, ya matse ta daidai yatsan tsohon.

Sauran yatsun biyu kuwa, ya jera masa na ƙarfe iri uku ya ce ya gwada. Mai kauri ya fi ƙara amma ya yi masa nauyi. Marar kauri yana lanƙwashewa da wuri. Mai Agogo ya zaɓi na tsakiya.

"Sai dai fa sai an ɗan lanƙwasa su da filaya, Baba, kowa da siffar yatsansa. Ni nawa sai da na ɓata guda huɗu."

Nan fa idon tsohon ya kawo haske. Ya zaro 'yar filayarsa ta gyaran agogo daga aljihun gaba, ya maƙala gilashinsa, cikin minti biyar ya gyara nasa suka zauna ɗaram. Sannan ya ce, "Kawo naka." Ya gyara wa Dogo wani da ya yi shekara biyu yana cizon sa a gefen farce.

Kada ku zaci daga nan komai ya tafi daidai. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana jin tsirkiya a fatarsa, yanzu ƙarfe ya shiga tsakani. Ya ce kamar an sa shi tafiya da takalman wani. Zai nufi tsirkiya ta uku ya bugi ta biyu. Ƙarfen yana ƙarzar waya yana wani ƙiiii mai tayar da tsikar jiki, sai da Dogo ya nuna masa ya ɗan karkatar da su gefe. Kan yatsunsa suka yi tsami. Dogo ya ce ya riƙa barinsu a hannu ko ba kiɗa yake ba, don yatsun su manta da su. Haka ya riƙa shan shayi da su, yana karɓar agogon mutane da su. Wata mata ta kawo gyara, ta ga hannun, ta ce za ta dawo gobe, ba ta dawo ba.

Sau biyu yana cire su ya wurga cikin aljihun teburi yana cewa ya haƙura. Sau biyun kuma, kafin ya rufe shago ya ciro su. Duk Asabar Dogo na zuwa, su koma kan kiɗan a hankali, layi ɗaya sau ashirin, kamar masu koyon baƙi.

Bayan wata biyu da 'yan kwanaki, wata yamma ya jawo kujerarsa dab da Malama, ta ɓangaren kunnenta na dama wanda ya fi ji. Auta da Dogo suna bakin ƙofa. Ya sa faratan, ya ja numfashi, ya fara.

Sautin ya fito tas, ya cika barandar. Malama tana ɗinki, sai allurar ta tsaya. Ba ta kalli hannunsa ba. Ta rufe idonta. Can sai leɓenta ya fara motsi tana bin kiɗan, hawaye na gangarowa, ba ta share ba.

Ya kai ƙarshe. Ya jira.

Ta buɗe ido, ta share fuska da bakin mayafi, ta gyara murya.

"Shida cikin goma. Ka bugi wata tsirkiya da ba ita ba wajen farko, kuma har yanzu kana sauri a tsakiya."

Mai Agogo ya kwashe da dariya, dariyar ta koma kuka, ya juya yana kiran surukinsa.

"Dogo! Ka ji? Shida ta ba ni! Shida!"

Malama ta ɗauki allurarta. "To me kake jira? Sake daga farko."

Darasi: Abin da kake rainawa a hannun wani, wata rana shi ne zai iya dawo maka da abin da ka fi so. Mai Agogo ya yi asarar mako uku don ya ƙi cewa "nuna mini", alhali lokaci ne ba shi da shi. Idan ba ka iya ba, ka tambaya, ko da na ƙasa da kai ne. Idan kuma kai aka zo tambaya, ka yi irin ta Dogo, kada ka tuna wa mutum dariyar da ya yi maka. Ku tura wa wani mai taurin kai da kuke ƙauna, ko Allah zai sa ya karanta har ƙarshe.