Gwarjo da Maɓallin Sukari

An yi wasu fararen ɓeraye biyu, Gwarjo da Tabawa, a wani ɗakin bincike inda likitoci ke neman maganin kwaɗayin zaƙi da ke wahalar da mutane. Gwarjo haɗamamme ne na bugawa a jarida. Tabawa kuwa sai ta shinshina abu ta sake shinshinawa kafin ta kai baki.

Wata rana aka sa musu maɓalli a keji. Ka danna da ƙafa, ruwan sukari ya ɗigo.

Gwarjo ya danna, ya lasa, ya lumshe ido. Shi ke nan, ya tare a gindin maɓallin.

"Matsa in ɗanɗana mana," in ji Tabawa.

"Ki ɗanɗana me? Ke kika gano shi? Ni na horar da mutanen nan! In na danna, su zuba. Dubi yadda suke leƙo ni."

"Leƙen nan ne fa bai kwanta mini ba. Haka ake leƙa akuya a kasuwa."

"Hassada ce! Je ki ci dusarki."

Tabawa ta tafi ta ci dusarta. Gogan naka kuwa danna, lasa, danna, lasa, har wuyansa ya ɓace don ƙiba.

Rannan babbar likita ta leƙo, ta ce wa abokan aikinta, "Madalla, ga mai cutar mun samu. Waccan lafiyarta lau, a ƙyale ta."

Aka ɗaga Gwarjo ta wutsiya. Yana reto yana ihu, "Tabawa, kin gani? Ƙarin girma!"

Ƙarin girman dai allura ce, kullum safiya.

Da aka dawo da shi, ko gaisuwa babu, ya ruga ya danna maɓalli. Ya lasa, ya yi turus. Salam, kamar ruwan randa.

"Wayyo! An canza sukarin!"

Tabawa ta matso ta lasa. "Sukari na nan daram. Harshenka aka canza."

Ya sake lasa, hawaye ya zubo masa. Likitoci suka ɗau tafi: "Magani ya yi!" Har lemo suka sha don murna. Gwarjo bai ƙara jin zaƙin komai ba har ya bar duniya.

Darasin wannan labari shi ne, yara, in kuka ga ana ta ba ku daɗi kyauta ana kuma zuba muku ido, ku tsaya ku tambayi dalili. Mai haɗama yakan zaci shi ya fi kowa wayo, alhali a kansa ake gwaji.