Damin Farko na Tudun Gawo

Ku ajiye surutu ku saurara, domin ku za ku yanke hukunci, ni nawa ba da labari ne kawai.

A garin Tudun Gawo akwai wata al'ada. Idan manomi ya tsallake wata masifa, to damin geron da ya fara ɗaurewa da kaka, ƙofar wanda ya cece shi yake kai shi. Dami ɗaya ne, ba a kwance shi, ba a raba shi.

Wata shekara fara ta cinye gonaki ƙarƙaf, gero ya yi tsada. A cikin wannan hali Dije, matar wani manomi mai suna Ɗanjuma, ta haihu. Mai jego ba ta samu ko kunun kanwa ba, nono ya ƙafe, jariri ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Duk wanda ya leƙa ɗakin sai ya fito yana sharar hawaye.

Hakimin garin, Jatau, mutum ne mai tausayi, kuma tausayin nan ne ya ja shi. Ya sa aka yi shela cewa kowa ya sayar da gero yadda ake sayarwa bara, wanda ya ƙi a ƙwace a raba wa talakawa. Dogarai suka tare wani falke, Barau, suka sauke geron da ke kan jakunansa. Gari ya ci ya yi guɗa. Amma labari ya riga ya kai wa fatake, duk suka sake hanya. Ranar kasuwa ta zagayo, rumfunan hatsi babu kowa sai ƙudaje.

Barau ya kai ƙara gaban Alƙali Gwadabe. Kowa ya ɗauka za a kore shi, don Hakimi ne ya kawo Gwadabe garin. Alƙali ya sa aka kira Hakimi ya zauna a tabarma ɗaya da falke, ya ce, "Ranka ya daɗe, kayan mutum nasa ne, ko ana yunwa ko ana ƙoshi. A mayar masa." Mayunwata suka jefi gidansa da duwatsu, aka daina amsa sallamarsa, bai janye ba. Ni dai ban taɓa jin ya ɗauki ko mudu ɗaya ya kai gidan wani ba, amma da bai yi wannan magana ba, babu falken da zai sake kallon garin.

Hakimi Jatau yana da ikon ya tsige alƙalin, fadawa ma sun zuga shi. Amma sai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na ji." Ya sayar da shanunsa ya biya Barau. Ya sa mai shela ya zaga gari ya ce Hakimi ya janye maganarsa, kowa ya saya ya sayar yadda suka daidaita. Ya kwashe dogarai daga kasuwa ya tura su dajin da 'yan fashi ke tare hanya. Abin da ya yi ke nan, ya cire hannunsa. Ku da ko shugabancin gayya aka ba ku ba kwa iya cewa kun yi kuskure, kada ku raina wannan. Sai dai kuma shi ya fara ɓata lamarin, kuma akwai waɗanda aka binne kafin ya gyara.

Barau kuwa ya ɗaure wa jakunansa mangala ya nufi kudu, inda fara ba ta sauka ba. Jaki biyu suka mutu a hanya, ƙafafunsa suka tsattsage. Ya dawo da gero, ya tsuga masa tsada ba kunya. Da aka yi masa godiya sai ya ce, "Ku riƙe godiyarku, ni riba ta kawo ni." Ɗanjuma ya ba da akuyarsa ta ƙarshe ya karɓi 'yan mudu. Dije ta sha kunu, nono ya dawo, jariri ya kama. Sauran fatake da suka ji Barau ya ci riba ba a taɓa shi ba, sai suka yi ta kwararowa, har tsadar ta karye da kanta, shi kansa Barau ya koma yana ƙunƙuni.

Kaka ta yi, yaro ya fara rarrafe. Ɗanjuma ya ɗaure daminsa na farko ya aza a ka, ya fito har mararrabar tsakiyar gari. Ga hanyar gidan Alƙali, ga ta fada, ga ta zangon fatake. Ya tsaya, dami na danne masa wuya, Dije na bayansa goye da yaro.

Da alƙalin da ya hana ƙwace, da hakimin da ya cire hannu ya tsare hanya, da falken da ya kawo geron don ribarsa, ku gaya wa Ɗanjuma, ƙofar wa ya kamata ya sauke damin nan?