Bushiya da Ƙwallon Tsumma

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu sha.

Dabbobi ne suka rabu gida biyu suna jifar juna da ƙwallon tsumma. Wanda ƙwallo ya buga ya fita, amma in ya cafe, 'yan gidansu duk su dawo.

Kura ta fitar da kowa na ɗaya gidan, saura Bushiya.

Zomo, ɗan gidansu, ya ce, "Goce, ƙanwata!"

Ta ce, "Da waɗanne ƙafafun, Yaya?"

Kura ta sheƙe da dariya, ta wurgo. Bushiya ta dunƙule don tsoro, ƙwallo ya maƙale a ƙayarta.

Kura ta ce, "Fita!"

Zomo ya ce, "Ya faɗi ƙasa ne? Ai ta cafe!"

'Yan gidan Bushiya suka kwararo fili suna ihu, Bushiya kuwa ko ido ba ta buɗe ba tukuna.

Ƙurunƙus, kan ɓera, ba nawa ba!