Waliyyar Manaja

Malama Tabawa, mai koyarwa a makarantar makafi, ta je banki buɗe asusun albashi. Manaja ya dubi sandarta ya ce, "Malama, dokarmu ce: duk wanda ba ya iya karanta takarda da kansa, sai ya kawo waliyyi ya riƙe masa kati da lambar sirri."

"Ko wane ne, ranka ya daɗe?"

"Ko ni ne!"

"Jama'a kun ji?"

Mutanen layi suka ce sun ji.

Ta zaro takarda daga jaka. "To, ga buƙatata a rubuce. Karanta."

Rubutun makafi ne. Manaja ya juya ta gaba, ya juya ta baya. "Wannan ai ƙuraje ne kawai!"

Ta lalubi takardar a hannunsa. "Ayya, a kife ma ka riƙe ta. Ba ka iya ba?"

"Ina zan iya?"

"Kada ka damu, ni na iya. Daga yau ni ce waliyyarka." Ta buɗe tafin hannunta. "Miƙo katinka, ka raɗa mini lambar."

Layi ya fashe da dariya. Manaja ya share gumi, ya ce a kawo fom.

Ta ce, "A kawo biyu. Har da na yaron da nake riƙo."